Tsohon Lensi a Bakin Sabuwar Kyamara: Mako Shida da Akwatin Kawu

Saura kwana tara Sallah lensina ya karye. Laifina ne, ba na kowa ba. Na ɗora kyamarar a bakin benci ina amsa waya, igiyar ratayawa tana reto, wani yaro ya zo a guje ƙafarsa ta sarƙe. Jikin kyamarar, Canon 600D ce, ko ƙwarzane bai yi ba. Amma lensin 18-55 da ke zuwa da ita gindinsa roba ne, kunnuwan da ke riƙe shi suka ɓalle, in an girgiza shi kuma sai ka ji kacau-kacau a ciki. Shi kaɗai gare ni. Ga shi na karɓi kafin alƙalami na biki uku da za a yi bayan Sallah, kuɗin kuwa tuni sun zama shadda da takalman yara.

Da na zaga kasuwa na ji farashin na hannu, sai na nufi gidan Kawu, ƙanen mahaifiyata, da niyyar rance. Shi ya fara koya mini riƙe kyamara. Ya yi shekaru da situdiyo kafin dijital da wayar hannu su kashe kasuwar wankin fim.

"Kawu, kun sha ruwa lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Wannan fuskar taka ba ta barka da shan ruwa ba ce. Me ya faru?"

Na faɗa masa. Bai ce komai kan kuɗi ba, ya sa aka jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki, an naɗe kowanne da tsohon ɗankwali, akwai kyamara biyu. Ɗaya Zenit-E ce ta Rasha, nauyi kamar dutsen guga, da lensinta Helios-44-2 mai tsawon milimita 58 da f/2, wato lambar ƙofar da haske ke shiga (ƙaramar lamba, babbar ƙofa). Ya ce a hannun wani ɗalibi da ya dawo karatu daga Tarayyar Sobiyat ya saye ta. Ɗayar Pentax Spotmatic ce, samfurin da Japan ta fara fitarwa a 1964, da lensin Super-Takumar 50 mai f/1.4. Sai wani dogon lensi 135 da sunansa ya goge, da lensin Canon FD 50, da tsohon filas.

Hannuna kan na Canon ɗin ya fara sauka. Canon gare ni, ga lensin Canon, ai magana ta ƙare. Na juya shi, na sake juyawa, ko alamar zama bai yi ba. Cikin lensi huɗun nan, wanda ke ɗauke da sunan kyamarata ma bai yi mini aiki ba har yau.

Maganar milimita ɗaya da rabi

Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashi a rana yana yaro ya san cewa akwai wani nisa guda da haske ke tattaruwa ya zama ɗigo. Ka matso kaɗan ko ka ja baya, sai ya bazu. Haka lensi yake. An ƙera kowanne don ya zauna a wata ƙayyadaddiyar tazara daga fim, ko daga sensa a kyamarar yanzu. Ana auna tazarar daga zoben ƙarfen bakin kyamara zuwa inda hoton ke sauka, kuma kowane kamfani da tasa.

Bakin Canon EF, wanda aka fito da shi a 1987 kuma shi ne a kan 600D, tazararsa milimita 44. Tsohon bakinsu na FD, da suka yi watsi da shi a lokacin, 42 ne. Na Nikon F, wanda yake nan tun 1959, 46.5 ne. Olympus OM 46, Contax da Yashica 45.5, tsohon na Minolta 43.5. Helios da Takumar da dogon 135 ɗin kuwa duk baki ɗaya gare su, mai zare kamar noti, ana ce masa M42 saboda faɗinsa milimita 42. A Jamus ta Gabas aka fara shi a 1949, kamfanoni da yawa suka ɗauka, tazararsa kuma 45.46.

Lissafin ba wuya. Idan lensi yana buƙatar tazarar da ta fi ta kyamararka, sai ka cike giɓin da zoben ƙarfe, wato adafta. M42 yana son 45.46, kyamarata tana ba da 44, saura 1.46, kaurin zoben ke nan, ba gilashi a ciki, ba waya. Idan kuwa lensin yana son tazarar da ba ta kai ta kyamararka ba, to sai dai ya nutse cikin jikinta, wurin kuma madubi ne ke kai da kawo. Abin da ya kayar da FD ɗin ke nan, yana neman ya shige da milimita 2. Akwai adafta mai ƙaramin gilashi da ke gyara wannan, amma gilashin kan zama mai arha, yana dusashe hoton, musamman in an buɗe lensin duka. Wani abokin sana'a ya ara mini irinta na gwada da yamma guda, na mayar masa.

Adaftar M42 ban same ta a shagunan da na sani ba, sai ta intanet na yi oda, ta iso ana gobe jajibere. Na ɗaura Helios, na leƙa, na ga fuskar matata tar. Na fita ƙofar gida na auna hasumiyar masallacin da ke can ƙarshen layi, na murɗa zoben saiti har ya tsaya, hasumiya na nan dishi-dishi. Na kai adaftar wurin wani mai aikin ƙarfe ya sa mata ma'auni, ashe ta haura da wajen kashi 2 cikin 10 na milimita. Kamar ba komai ba, amma ga lensi 58 wannan ɗan ƙarin ya isa ya tsayar da ganinsa a wajen mita 17. Na shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashin tebur, na kifa fuskar adaftar da lensi ke zama a kai, na riƙa zagayawa da ita a hankali, ina wankewa ina gwadawa. Wankewar dole ce, don garin ƙarfe in ya shiga cikin kyamara ya hau sensa, wata sabuwar rigimar ce. A karo na huɗu hasumiya ta fito har da tsuntsun da ke kanta. Da a ce adaftar siririya ta zo, da ban wahala ba: lensi zai ɗan zarce nesa ne kawai, sai ka dawo da shi baya.

Kyamarar ba ta san da lensi ba

Lensin zamani da kyamara suna magana ta 'yan ƙusoshin nan masu ruwan zinariya da ke gindinsa. Tsohon lensi kurma ne. Da na kunna, inda ake rubuta lambar ƙofar haske sai na ga 00. Ba saitin kai da kai, ba maganin rawar hannu, kyamara ba ta iya buɗe ƙofar haske ko tsuke ta. Komai ya dawo yatsunka.

A nan ne lensi ukun suka nuna halinsu daban-daban. Helios-44-2 zobe biyu gare shi a gaba. Na farko mai ƙas-ƙas ne, da shi kake zaɓar lambar da kake so, a ce 5.6. Na biyun sulɓi gare shi, ba ya ƙara, yana yawo tsakanin buɗe duka da lambar da ka zaɓa. Sai ka buɗe duka don ka ga haske ka yi saiti, sannan ka murɗa shi har ya tsaya, ka danna, ba tare da ka cire ido ba. A zamanin fim ana ganin wannan tsari koma-baya ne. A kan kyamarar dijital sai ya zama shi ne ya fi daɗin aiki, har a bidiyo, tunda kana iya rage haske a hankali ba tsalle.

Takumar ɗin yana da ɗan tsinke a gindi wanda tsohuwar kyamara ke turawa a daidai lokacin ɗauka don ƙofar ta tsuke. 600D ba ta da abin turawa. Allah ya taimake ni akwai maɓalli a gefensa da ke mayar da shi aikin hannu, da na tura shi sai ganyayyakin ciki suka fara bin zobe. Dogon 135 ɗin tsinke kawai gare shi, ba maɓalli, adaftata kuma ba ta da leɓen ciki da ke danne tsinken, saboda haka kullum a wangale yake. Kafin ma in damu da wannan, na haska shi da tocila na ga funfuna ta yi saƙa a gilashin ciki kamar yanar gizo-gizo. Damina nawa ya yi a akwati ba iska, sai Allah. Na ware shi daga sauran.

Awon haske yana aiki, amma da sharaɗi. Ina sa kyamara a Av, in tsuke ƙofar da hannu, ita kuma ta auna abin da ya shigo ta zaɓi saurin shota. A buɗe duka awon yana zuwa daidai. Ina tsukewa zuwa 8 ko 11 sai ya fara kaucewa. Na daina yarda da shi, na koma M, wato saitin hannu zalla, in ɗauki gwaji ɗaya in duba jadawalin hasken da ke fita a allo, in gyara. Farar shadda a rana tsaka ba ta yafiya, in ta ƙone ta ƙone, ba kwamfutar da za ta dawo da zanen aikin wuya.

Ranar Sallah na sha kunya

Na fita kallon hawa da Helios, ina ji da kaina. Na dawo da kati cike, na zuba a kwamfuta, fiye da rabi ba na nunawa ba ne. Doki a dushe, bangon bayansa tar. Rawanin mahayi garau, fuskarsa kamar an shafa mata man shanu.

Dalili biyu ne, na farkon ma ba laifin idona ba ne. Tsohuwar kyamara irin Spotmatic tana da ɗan da'ira a tsakiyar mahangi, wato kafar da ake leƙawa, da ke ɓarɓashi in saiti bai yi ba, ta lafa in ya yi, mahangin kuma babba ne. Kyamarar dijital an yi ta ne da tunanin inji zai yi saiti, saboda haka aka sa mata allon ciki mai haske amma marar faɗin gaskiya: zurfin da yake nuna maka ya fi wanda f/2 ko f/1.4 za su bayar. Kana ganin ido ya fito, ashe kunne ka kama. Mahangin 600D kuma ƙarami ne, kamar leƙen ɗaki ta kafar makulli. Na biyu, zurfin kansa. Helios a buɗe duka, mutum na tsaye mita 2 daga gare ka, abin da zai fito sosai bai wuce santimita 9 ba daga gaba zuwa baya, ko faɗin tafin hannu bai cika kaiwa ba. A mita ɗaya da rabi ya koma wajen santimita 5. Mutum ya yi numfashi ya ɗan rusuna, ya fita.

Da daddare na kai wa Kawu gaisuwar Sallah da kwamfutar a jaka. Ya sa tabarau ya duba guda biyar, ya ture.

"Bin dokin kake yi?"

"Eh, Kawu."

"Wa ya ce maka ana bin doki da zobe? Jiransa ake yi."

Ya karɓi lensin ya nuna mini lambobin da ke jikinsa waɗanda ban taɓa kulawa da su ba, na nisa a kan zoben saiti, da wasu ƙanana jere hagu da dama da jan layi. Ya ce a zamaninsu sai ka zaɓi wuri a fili, wata bishiya ko turken wuta, ka saita a nan, ka tsuke ƙofa zuwa 8, ka tsaya. Duk abin da ya shigo tsakanin lambobin nan biyu naka ne. Na yi lissafi daga baya: a kan kyamarata, saiti a mita 10 da f/8 yana kama daga wajen mita 7 zuwa 18. Abu ɗaya na ƙara a kan nasa, shi ne lambobin jikin lensin don fim aka zana su, sensata kuma ta fi fim ƙanƙanta, don haka in na tsuke zuwa 8 sai in karanta layin 5.6. Washegari na koma, na zaɓi inda dawakai ke karyo kwana, na sa shota a 1/1000 na daƙiƙa, na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa. Ban motsa zoben ba har aka tashi, hotunan kuma suka fito.

Ga mutumin da ke zaune ko tsaye, dabarar daban ce. Allon baya na 600D yana nuna hoto kai tsaye daga sensa, kuma ana iya kusanto shi ninki 5 ko 10. Sai in ɗora kyamara a kan ƙafa uku, in kusanto ido, in murɗa har gashin ido ya rabu ɗaya-ɗaya, in danna. Wannan ba ya kuskure, sai dai cin batir da cin lokaci. Na kuma gyara ɗan ƙaramin zoben da ke gefen mahangi wanda ke daidaita shi da ƙarfin idon mutum. Shekara biyu ina aiki da shi a karkace ban sani ba, tunda inji ke yi mini saiti. Daga baya na sayi adafta mai ɗan guntun lantarki da ke yaudarar kyamara ta ɗauka akwai lensi, sai ta riƙa ƙara in saiti ya kusa. Tana taimako a f/4 zuwa sama. A buɗe duka kuwa, "ya kusa" ba ya wadatarwa.

Bikin farko

Ba zan ɓoye ba, gabana na faɗuwa na tafi. Matsalar da ta fara tarata ba ta saiti ba ce, ta wuri ce. Sensar 600D faɗinta milimita 22.3, na fim kuwa 36, don haka tsakiyar hoton kawai take yankowa. Lensi 58 a kanta yana gani kamar 93 a kan fim, 50 kuma kamar 80. Kawu da lensin nan yake ɗaukar iyali guda a situdiyo, ni kuwa kai da kafaɗa yake ba ni. In za ka ɗauki jerin mutane mai faɗin mita 4, sai ka ja baya fiye da mita 10. Da 18-55 ɗina mita 3 da 'yan kai ya isa. To ina mita 10 a tsakar gidan da aka cika da tukwane da kujerun haya? Wurin ɗaurin aure a ƙofar masallaci na samu fili na ja baya, har na kusa faɗawa kwata. A cikin gida kuwa dole na kira wani abokin sana'a ya kawo mini aron zum ɗinsa, wato lensi mai kusantowa da nesantawa, na awa uku, na ba shi wani abu. Duk wanda ya ce maka tsohon lensi 50 zai ɗauke maka biki daga kamu har buɗar kai, bai taɓa shiga ɗakin amarya ana guɗa ba.

Amma da aka natsa, aka ce a yi wa amarya nata ita kaɗai, sai abin ya juya. Na zaunar da ita a inuwar darbejiya, rana na ratsowa ta ganye a bayanta, na buɗe Helios duka. An kwaikwayi ƙirarsa ne daga Biotar na Carl Zeiss, kuma an san shi da wani hali: ɗigon hasken da ke baya ba sa zama zagaye a gefen hoto, sukan miƙe su bi juna kamar ana juya fura a ƙwarya. A kan sensata juyin bai kai yadda yake a fim ba, tunda a gefe ya fi ƙarfi kuma gefen an yanke, amma yana nan. Fuskar ta fito da laushi, ƙurajen da hoda ba ta rufe ba suka lafa, lallen hannunta kuma tar. Ban taɓa ba wa kowa hoto irin wannan da tsohon zum ɗina ba.

Aibinsa shi ma a wurin na gani. Da na ɗan juya rana ta taɓa gilashin gaba, sai hoton duka ya yi fari kamar hazon hunturu. Rufin gilashin zamanin bai kai na yanzu ba. Na yanki baƙin kwali na naɗa masa hula da salatif, daga baya na sayi ta ƙarfe. Shi da Takumar bakinsu ɗaya, milimita 49, hula ɗaya ta ishe su.

Washegari aka kai ni ɗakin amarya bayan jere. Na ɗauke ta zaune a bakin gado, na sake buɗe lensin duka, na nuna wa uwar amarya ina jiran yabo. Ta karɓi kyamarar ta ƙura ido.

"Malam mai hoto, ina labulen? Ina kwabar da kwanukan? Wannan hayaƙin fa na mene ne?"

"Hajiya, salo ne, don fuskar ta fito."

"Fuskarta mun santa tun tana zanen goyo. Kayan nan shekara uku muna tara su. A sake."

Gaskiyarta. Na tsuke zuwa 8, na kafa ƙafa uku saboda shota ta yi ƙasa, na roƙi amarya kada ta motsa. Komai ya fito har zanen bakin faranti. A f/8 Helios ba ya jin kunyar kowane lensi da na taɓa riƙewa. Tun daga ranar nake ɗaukar biyu, ɗaya na amarya da ƙawayenta, ɗaya na iyaye.

Takumar mai ruwan shayi

Shi na ajiye don dare. Zum ɗina in an ja shi zuwa 55 ƙofarsa 5.6 ce. Daga 5.6 zuwa 1.4 mataki huɗu ne, kowane mataki ninki biyu, wato haske ninki 16. A walimar biki na biyu aka ɗauke wuta bayan magariba, janareta ya ƙi tashi, ya rage fitilun caji biyu da hasken wayoyi. Da zum ne da sai filas, fuska ta yi fau, baya ya yi baƙi ƙirin. Da Takumar na ɗauki malamin da ke wa'azi da hasken fitilar da ke gabansa kawai. Saiti a duhu azaba ne, da yawa sun zube, amma waɗanda suka tsira su ango ya sa aka wanke manya.

Hotunansa duk suna zuwa da ɗan rawaya. In ka ɗaga shi ka kalli farar takarda ta ciki sai ka ga kamar ruwan shayi. Ashe ba datti ba ne. Akasarin wannan samfurin an haɗa gilashinsa da sinadarin toriyom don ya ƙara lanƙwasa haske, sinadarin kuma yana fitar da ɗan tururin nukiliya wanda ke rina gilashin a hankali cikin shekaru. Kaɗan ne, ba abin da zai hana aiki da shi ba, sai dai ba a fasa shi, ba a goge gilashin da abin karta, ba a kuma bar wa yara. Hasken rana yana wanke rawayar. Na naɗe jikinsa da takardar alminiyom, na bar gilashin baya a buɗe, na riƙa ajiye shi a taga da hantsi ina ɗaukewa kafin azahar, don zafin garinmu zai iya narkar da giris ɗin ciki ya gangaro kan ganyayyaki. Bayan kwanaki rawayar ta ragu sosai. Abin da ya saura daidaita launi a kyamara yana share shi.

Da shi kuma na kusa jawo wa kaina bashi. Abokin nan mai zum yana da Canon 5D, mai sensa girman fim, na ce bari in ga lensin a gidansa na asali. Na ɗaura, na saita nesa, na danna, sai na ji ƙwas, mahangi ya yi duhu. Madubin 5D ya fi na 600D girma, gindin Takumar kuma yana lumewa ciki in an saita nesa, sai madubin ya daki bakinsa ya maƙale. Na murɗo zoben baya a hankali, madubin ya sauka. Mun duba ba abin da ya fashe, amma abokina bai sake miƙo mini ita ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Wani yaro da ke koyon aiki a wurina yana da Nikon D3100, ya ga hotunan ya ce shi ma zai ɗaura Helios. Na ce ya tuna lissafi: kyamararsa 46.5, lensin 45.46, ya riga ya gaza tun kafin a sa kaurin adafta. Ya gwada duk da haka, ya samu hoton fuska daga kusa, abin da ya wuce kamar mita 2 kuwa babu. Shi hanyarsa tsofaffin lensin Nikon ne, waɗanda ke hawa ba adafta, ko da yake ƙaramar kyamara irin tasa ba ta auna haske da su, sai ya yi da ka. Manyan irin D7000 suna aunawa, amma su kuma lensin da aka yi kafin 1977, in ba a gyara gindinsa ba, yana iya lanƙwasa musu ɗan kunnen da ke bakin kyamara. Masu Pentax su suka fi kowa hutawa, bakin K da aka fito da shi a 1975 har yau shi ne.

Filas ɗin akwatin ban ko ɗora shi ba. Wasu tsofaffin filas suna sako wutar da ta haura volt 200 ta ƙafarsu, tsohuwar kyamara mai ƙarfe zalla ba ruwanta, ta yanzu kuwa cikinta lantarki ne.

Bayan biki na uku na haɗa kuɗi na sayi 18-55 na hannu, shi ke yin taro da rawa da duk abin da ke motsi. Helios yana jaka kullum da adaftarsa a ɗaure, ba na cire ta, don zaren M42 yana son kwancewa in zoben saiti ya yi tauri, kuma yawan buɗe bakin kyamara a ƙurarmu ɗigo-ɗigo yake bari a sararin samaniyar hoto. Hoton amarya ita kaɗai, da na kafin aure, da na tsofaffi, da shi nake yi. Takumar yana gida cikin robar da ke rufuwa ruf, da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. FD ɗin na mayar akwati, Kawu ya ce in bar shi a nan har ranar da zan sayi kyamara marar madubi, tunda irin su Sony E tazararsu milimita 18 ce kacal, kusan kowane tsohon lensi yana samun wurin zama.

Ranar da na kai masa akwatin na tafi da 'yata. Ya ce in ba shi kyamarar. Na fara nuna masa yadda ake kusanto hoto a allo, ya ture hannuna, ya kafa ido a ƙaramin mahangin nan da nake zagi, ya murɗa zoben gaba, ya dawo da shi baya, ya tsaya, ya danna sau ɗaya. Na duba, ƙwayar idonta tar a f/2. Shi kuwa bai ko kalli allon ba, babban yatsansa na dama yana ta laluben saman kyamarar, yana neman hannun da ake ja a murɗa fim.